Mece Ce Tambayarka? Labarin Neman Gurbin Digirin Digirgir a Fannin Tallata Haja

Wasiƙa ta bakwai ta shigo wayata ina tsakiyar bayani a wani taro na wurin aiki. Ban ma buɗe ta ba. Layin farko da ya leƙo a saman allon ya wadatar: sun gode da sha'awar da na nuna, masu nema sun yi yawa bana, suna yi mini fatan alheri. Makarantu bakwai na nema, kuma cikin bakwai ɗin nan babu wadda ta ko kira ni ganawa. Na kife wayar a kan tebur na ci gaba da magana, amma Allah Ya sani, baki ne kawai yake motsi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na rasa ta inda na kuskure. Shekara shida ke nan ina aiki a sashen tallata haja na wani kamfani da abokan cinikinsa ke biyan kuɗin hidima wata-wata. Daga ƙasa na faro har na kai ina da mutane a ƙarƙashina. Ina da digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, sakamakona kuma ba na jin kunyar nuna shi. Manyana uku a wurin aiki ne suka rubuta mini wasiƙun shaida, na kuma tabbata alheri suka faɗa. A lissafina, mutumin da ya yi shekara shida hannunsa dumu-dumu cikin talla, in ya ce zai yi digirin digirgir a wannan fanni, ai hannu bibbiyu za a karɓe shi.

Na yi kusan wata biyu ba na son a tayar mini da zancen. Yayata ce ta gaji da ganina a haka. Wata rana ta ce, "Wai kai haka za ka zauna kana cin rai? Malamar nan da kake yawan ambato, wadda ta koya muku dabarun bincike, me ya hana ka kai mata takardun ta duba?" Na ce, "Yaya, da wane ido zan kalle ta? Da zan fara ko shawararta ban nema ba." Ta ce, "To ai shi ya sa za ka je yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na same ta a ofis, takardun jarrabawa jibge a gabanta. Bayan mun gaisa na miƙa mata fayil ɗin: takardar bayyana manufa shafi biyu, takardar tarihin karatu da aiki, sakamakon GRE, wato jarrabawar da ake yi wa masu neman shiga karatun gaba da digirin farko, da sunayen makarantun. Ta sa tabarau, ta ɗauki jan biro, ta karanta takardar manufar tun daga sama har ƙasa ba ta ce uffan ba. Sai ta koma farko ta shiga zagaye wasu kalmomi. Ina zaune ina bin biron da ido: "na jagoranta", "na haɓaka ciniki", "na samu lambar yabo", "tun ina yaro nake sha'awar kasuwanci". Kafin ta gama shafin farko ya yi jawur. Ta ajiye biron ta ce, "Da ma'aikaci nake nema, da yau na ɗauke ka. To amma faɗa mini, mece ce tambayarka?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, so nake in zurfafa ilimina a kan halayyar masu saye, in kuma ba da tawa gudummawar."

Ta ce, "Wannan buri ne, kowa yana da shi. Tambaya na ce. Wane abu ne ka gani da idonka a shekara shidan nan, ya ɗaure maka kai, ka nemi amsarsa ka rasa?"

Na buɗe baki na rufe. Gumi ya tsattsafo mini a goshi. Ba ta matsa mini ba, sai ta shiga yi mini bayanin abin da ya kamata a ce na sani tun kafin in cika fom ko ɗaya. Digirin digirgir a makarantun koyar da kasuwanci, musamman irin tsarin Amurka da na nema, horo ne na zama mai bincike. Yawanci shekara biyar ake yi: biyun farko darussa da jarrabawar tantancewa, sauran kuma rubuta kundi. Galibin makarantun su ke ɗauke wa ɗalibi kuɗin karatu, su kuma riƙa ba shi alawus. Saboda haka sashe guda ba ya ɗaukar mutane da yawa, sau tari ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a shekara. Malaman da ke zama su karanta takardun, abin da ke ransu shi ne: wannan mutumin, in mun zuba masa shekara biyar na lokacinmu da kuɗinmu, zai iya fito da binciken da manyan mujallu za su buga? Ni kuwa na aika musu da takardar wanda ke neman ƙarin girma a ofis.

Da zan fita ta rubuta mini sunayen manyan mujallun bincike huɗu na fannin a bayan fayil ɗin: Journal of Marketing, Journal of Marketing Research, Journal of Consumer Research, da Marketing Science. Ta ce, "Ka taɓa karanta maƙala ko ɗaya a cikinsu daga farko har ƙarshe?" Na girgiza kai. Ta ce, "Je ka karanta talatin. Kada ka dawo sai da tambaya."

Wata uku na yi a kan wannan aikin, bayan na taso daga ofis da kuma ranakun hutu. Da farko na sha wuya ƙwarai. Sai in karanta gabatarwa in ji daɗi, ina isa tsakiya inda lissafi yake sai kai ya ɗau zafi. Amma a hankali hoton fannin ya fara fito mini. Na gane cewa gida ne mai sassa, kuma dole mai nema ya san ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Akwai masu nazarin halayyar mai saye, tushensu ilimin halayyar ɗan Adam, aikinsu gwaje-gwaje. A nan na ci karo da binciken Huber da Payne da Puto na 1982, wanda ya nuna cewa in ka ajiye kaya biyu mutum yana waswasi a tsakaninsu, sai ka ƙara na uku wanda a fili yake bai kai ɗaya daga cikinsu ba, to wancan ɗin da ya fi shi sai ya ƙara samun masu zaɓa. Na karanta maƙalar Richard Thaler ta 1985 a kan yadda mutane ke rarraba kuɗinsu aljihu-aljihu a cikin ƙwaƙwalwa, mutumin da daga baya ya samu kyautar Nobel a 2017. Akwai kuma masu ƙididdiga da lissafi, tushensu ilimin tattalin arziki, irin su Frank Bass da ya fito da ma'aunin yadda sabuwar haja ke yaɗuwa cikin jama'a a 1969, da Guadagni da Little waɗanda a 1983 suka yi amfani da bayanan na'urar karanta lambar kaya a kanti suka auna yadda mutane ke zaɓar tambari. Sashe na uku na masu nazarin dabarun kamfanoni ne. A takardata ta farko na ce duka ina so, ina ganin hakan zai nuna faɗin sha'awata. Ashe a wurin mai karatu alama ce ta ban san gidan ba.

Tambayar kuwa tana nan tare da ni tun da daɗewa, ban dai san sunanta tambaya ba. A wurin aikinmu duk lokacin da muka yi rangwame ga sababbin masu rajista, sai mutane su yi ta tururuwa, mu yi murna. Bayan 'yan watanni sai mu ga waɗannan ɗin su ne kan gaba wajen ficewa. A taro kowa da abin da yake faɗa. Wasu su ce rangwamen ne ya koya musu raina farashin gaskiya. Wasu su ce a'a, dama can masu saurin tafiya ne, rangwamen jawo su kawai ya yi. Duk shekara sai mun yi wannan musun, a tashi baram-baram, a sake yin rangwamen. Bambancin bayanan biyu kuwa ba ƙarami ba ne. In na farko ne gaskiya, kamfani da hannunsa yake ɓata kwastomominsa. In na biyu ne, babu abin da ya ɓata, ya dai kamata ya san irin mutanen da yake kira.

Na tarar an yi aiki a kusa da wannan. Anderson da Simester sun buga gwaje-gwaje uku a Marketing Science a 2004, inda suka ga rangwame mai zurfi ya ƙara wa sababbin kwastomomi sayayya daga baya, ya kuma rage ta tsofaffi. Datta da Foubert da Van Heerde sun buga nasu a Journal of Marketing Research a 2015, a kan waɗanda suka shigo ta hanyar gwaji na kyauta, suka nuna cewa ƙimarsu ga kamfani ta gaza ta sauran kwastomomi. Ranar da na karanta waɗannan, barci ya ƙaurace mini. Abin da muke ta musu a kai a ɗakin taro, ashe akwai mutanen da suka ba da rayuwarsu wajen warware irinsa, kuma da sauran wurin da ba a taka ba.

Na koma wurin Malama da tambayata a rubuce, layi uku. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Yanzu ka zo. To da wane kayan aiki za ka amsa ta?"

Nan ma ido ya raina fata. Tambayata ta masu ƙididdiga ce, ni kuwa rabona da lissafi mai zurfi tun shekarar farko ta jami'a. Makin da na ci a ɓangaren lissafi na GRE 152 ne, a ma'aunin da ya faro daga 130 ya tsaya a 170. Wanda zai nemi wannan sashe da irin wannan maki, da wuya a kai ga karanta sauran takardunsa. Malama ta ce kada in nema a wannan shekarar ma, in ba kaina shekara biyu cif. Maganar ta yi mini nauyi, domin shekaruna suna tafiya, abokan karatuna kuma kowa ya yi gaba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi rajistar darussan lissafi, wato kalkulas da aljabarar jere da ilimin yiwuwa, a wata jami'a da ke ba da sakamako a hukumance, don a samu takardar da za a nuna. Shaidar kammala kwas a intanet tana da amfaninta, na kuma yi irinsu wajen koyon manhajar ƙididdiga mai suna R, sai dai kwamitin ɗaukar ɗalibai ya fi natsuwa da makin da malami ya ba ka bayan ka zauna jarrabawa. Daga baya na ƙara da darasin ikonometiriks, wato amfani da ƙididdiga wajen auna al'amuran tattalin arziki. Shi ne ya koya mini bambanci tsakanin abubuwa biyu su riƙa tafiya tare da kuma ɗaya ya zama sanadin ɗaya, wanda shi ne ƙashin bayan tambayata.

GRE kuwa na sake zama sau biyu. Na farko 160, na biyu 166. Kullum kafin gari ya waye nake awa ɗaya da rabi ina warware tambayoyi da agogo a gabana, ina da littafi na musamman da nake rubuta duk tambayar da na faɗi da dalilin faɗuwar. Makarantu da dama suna karɓar wata jarrabawar mai suna GMAT a madadinta, kuma sakamakon kowaccensu yana aiki har shekara biyar. Jarrabawar Turanci irin TOEFL ko IELTS shekara biyu kacal take yi, don haka na bar ta sai dab da lokacin nema.

Abin da ya fi komai sauya takarduna shi ne aikin da muka yi da Malama. Na tuna kamfaninmu ya taɓa yin wani gwaji inda kwamfuta ta zaɓi waɗanda za a aika wa tayin rangwame ta hanyar ƙuri'a, sauran kuma aka aika musu farashin da aka saba. Na rubuta takarda na nemi izinin amfani da bayanan don bincike, aka amince bisa sharaɗin a goge sunaye da duk abin da zai nuna ko wane ne. Malama ta yarda ta duba aikin, ni kuma in taya ta tsaftace bayanan wani bincike nata. Duk mako biyu muke zama.

Bayan wata biyar na samu sakamako mai ƙayatarwa. Tazarar ficewa tsakanin 'yan rangwame da sauran ta fito ɓaro-ɓaro, zanen ya yi kyau, Malama ma ta ce abin da ban sha'awa. Na fara rubuta rahoto. Wani dare, wajen ƙarfe ɗaya, ina duba layukan bayanan da ido don in ciro misali guda, sai na lura da wani abu. Wani kwastoma ya fice ranar 3 ga wata, wani sabo kuma ya shigo a wannan ranar, shekarunsu ɗaya, yankinsu ɗaya, irin na'urarsu ɗaya. Na gangara ƙasa na ga wani irinsa. Na sake ganin wani. Cikina ya ɗuri ruwa. Washegari na tambayi mai kula da rumbun bayanai, ya tabbatar mini: duk wanda rangwamensa ya ƙare ya koma wani tsarin biya, sabuwar lamba ake ba shi. Wato ɗaruruwan mutanen da na ƙirga a matsayin sun tafi, suna nan daram. Da na haɗe lambobin na sake lissafi, tazarar ta ragu da fiye da rabi.

Ba zan ɓoye ba, zuciya ta raya mini in yi shiru. Babu wanda ya sani sai ni, rahoton ya kusa kammala, lokacin nema kuma yana ƙaratowa. Kwana biyu ina juya abin. A cikin karatuna na riga na gamu da maƙalar Simmons da Nelson da Simonsohn ta 2011, wadda ta nuna yadda ƙananan zaɓe-zaɓen da mai bincike ke yi a ɓoye za su iya sa ƙarya ta fito da kamannin gaskiya. Na tambayi kaina, in da wannan na fara, da me zan ƙare? Rana ta uku na buga tebur biyu, tsoho da sabo, na kai mata.

Na ce, "Malama, na zo da labari marar daɗi. Sakamakon nan da muka yi murna da shi, fiye da rabinsa kuskurena ne."

Ta karɓi takardun ta jera su gefe da gefe, ta daɗe tana dubawa. Ta tambaye ni yadda na gano, na faɗa mata. Ta tambaye ni ko wani ne ya sa ni dubawa, na ce a'a. Sai ta cire tabarau ta ce, "Ka san tun da muka fara nake tunanin abin da zan rubuta a wasiƙarka. Ƙwazo kowa ana rubuta masa. Yau ka ba ni abin faɗa."

Daga nan na fahimci sirrin wasiƙun shaida. Makarantu yawanci uku suke nema. A karon farko na ba manyana na ofis, mutanen kirki masu ƙaunata, amma abin da suka sani game da ni shi ne ina cika alƙawari, ina iya tafiyar da mutane. Malaman da ke karanta wasiƙun so suke su ji daga bakin mai bincike irinsu, wanda ya zauna da kai, ya ga yadda kake yi in lissafi ya ƙi fita. A karo na biyu Malama ta rubuta ɗaya, malamin da ya koya mini ikonometiriks ya rubuta ta biyu, ta uku kuma na bar wa shugabana na ofis, amma na roƙe shi ya yi magana a kan gwajin da yadda na bi diddigin bayanan. Kowannensu na ba shi wata biyu, tare da takardar manufata da rahoton da jerin ranakun rufe karɓa. A fom ɗin makarantun Amurka akwai inda ake tambaya ko ka yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar. Na yafe a duka, domin wasiƙar da mai ita bai gani ba ta fi nauyi a idon kwamiti.

Takardar manufar sau goma sha ɗaya na sake ta. Na cire zancen yarinta gaba ɗaya. Sakin layi na farko ya buɗe da musun ɗakin taronmu da tambayar da ta fito daga ciki. Na biyu ya faɗi abin da masu bincike suka riga suka gano da inda ya rage. Na uku ya ba da labarin aikinmu, har da kuskuren lambobin da yadda sakamakon ya ragu, ban rage komai ba. Daga nan na kawo darussan da na koma na yi, na kuma yi bayani a jimla biyu kan abin da ya sa makina na lissafi a digirin farko bai taka kara ya karya ba, ban tsaya dogon ba da hanzari ba. Shekara shidan da na cika shafi biyu da su a da, yanzu layi huɗu suka samu, kuma a matsayin inda tambayar ta samo asali. Sakin layi na ƙarshe kowace makaranta da nata: malamai biyu ko uku da na karanta ayyukansu na baya-bayan nan da gaske, da yadda tambayata ta haɗu da nasu. Wani abokina ya ba ni shawarar in jera sunayen manyan farfesoshin kowane sashe don a ga na san su. Malama ta hana. Ta ce wanda ya ambaci mai nazarin halayya da mai lissafin gasar kamfanoni a numfashi ɗaya ya tona wa kansa asiri.

Zaɓen makarantun ma ya sauya. A da sunan da ya fi amo nake bi. Wannan karon sai na ɗauki maƙalun da suka fi kusa da tambayata na duba inda marubutansu ke koyarwa, na shiga shafin kowane sashe na ga inda ɗalibansu da suka gama suka samu aiki, na rubuta wa wasu ɗalibai da ke ciki na tambaye su ko malaman suna da lokacinsu. Yawancinsu sun amsa, kuma sun faɗa mini gaskiya. Na fitar da goma sha biyu, wasu na sama ƙwarai, wasu tsaka-tsaki. Biyu daga cikinsu a Turai suke, inda tsarin ya ɗan bambanta: a Birtaniya sau da yawa sai ka rubuta cikakken tsarin binciken da za ka yi ka kuma nemi malamin da zai duba ka, a Holan kuwa galibi ɗalibin digirin digirgir ma'aikacin jami'a ne mai albashi. Yawancin makarantun Amurka suna rufe karɓa tsakanin Disamba da Janairu. Na tura komai da saura mako biyu, har da rahoton shafi ashirin a matsayin samfurin rubutuna.

A watan Fabrairu aka fara kirana. Makarantu huɗu suka nemi ganawa ta bidiyo. Wadda ba zan manta ba ita ce ta uku. Malamai biyu ne, ɗaya dattijo mai furfura da bai ce komai ba sai da aka yi minti goma. Rahotona yana hannunsa, na hango ya yi rubutu a gefen shafukan. Ya ce ƙuri'a ce ta zaɓi waɗanda aka aika wa tayin, ya yarda, amma ai ba ƙuri'a ce ta zaɓi waɗanda suka karɓa ba. To ta yaya zan ce na raba tasirin rangwamen da halin mutanen da ya jawo?

Da a ce shekara biyu baya ne, da na shiga kare kaina. Na ce masa gaskiyarsa, bayanan da ke hannuna ba za su iya raba su gaba ɗaya ba, na kuma faɗi haka a shafi na goma sha bakwai. Na ce hanyar da nake ganin za ta yi ita ce irin wadda Ashraf da Berry da Shapiro suka bi a gwajinsu na Zambiya da aka buga a 2010, a kan maganin tsaftace ruwan sha: a fara yi wa mutum tayin farashi, sai bayan ya amince zai saya, sannan ƙuri'a ta ba wasu ragi ba zato. Ta haka duk mutanen da ake kwatantawa sun riga sun yarda da farashi ɗaya, abin da ya bambanta su kawai shi ne abin da suka biya. Ya ce to in kwastomomi suka ji labari suka fara tsammanin ragin fa? Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ce, "Farfesa, wannan ban san amsarsa ba. Yana cikin abin da nake so in zo in koya." Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu. Ganawar da aka tsara ta minti talatin sai da ta kai hamsin, kuma rabinta na ƙarshe ba ni ake tambaya ba, mu uku ne muke ta juya matsalar.

Cikin goma sha biyun, takwas sun ce a'a. Ɗaya ta ce a'a bayan ganawa. Ɗaya ta sa ni a jerin masu jira. Biyu suka ba ni gurbi da cikakken tallafi, ɗaya daga cikinsu ita ce ta dattijon nan. Imel ɗin ya shigo da daddare. Na karanta shi sau uku, na yi wa Allah godiya, na kira yayata. Tana ɗauka na kasa magana, ita ce ta ce, "Ƙanina, an samu ko?" Na ce, "An samu, Yaya." Sai na ji ta fashe da kuka.

Jami'o'in Amurka da yawa sun rattaba hannu a wata yarjejeniya da ta ba ɗalibi har zuwa 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin da ke da tallafi. Ban jira ranar ba. Da na gama tuntuɓar ɗaliban makarantun biyu na yanke shawara, a ranar na rubuta wa ɗayar na gode musu na ce su ba wani, na kuma janye sunana daga jerin masu jira. Na san yadda mutum yake kwana yana duba waya.

Washegari na tafi wurin Malama da takardar a hannu. Ta karanta a tsaye, ta yi ta sa mini albarka. Sannan ta jawo aljihun teburinta ta fito da wasu shafuka biyu da suka fara canza launi. Tsohuwar takardar manufata ce, mai jan zagaye. Ban san ta ajiye ba. Ta miƙo mini ta ce, "Tafi da ita. Wata rana wani zai shigo ofishinka da irinta." Na ninke ta na sa a cikin fayil ɗin, muka zauna muka buɗe kwamfuta, domin tebur na uku na rahoton yana nan bai gama gyaruwa ba.